Saniya ba ta barin takarda: yini guda a tsohon ɗakin karatu na Yamai

 

Kwanakin baya, a wata kasuwar shanu ta bakin iyaka, wani dattijo Bafulatani ya riƙe mini hannun riga. Ya ce, "Malam, kai ne mai magana a rediyo ko? To ka tambayar mana. Burtalin da kakana ya bi, ubana ya bi, ni ma na bi shekara 40, bana an nome shi. Mun je gaban hukuma, an ce mu kawo takarda. Wace takarda saniya take bari, in ba sawu ba?" Na ce, "Baffa, ka ba ni lokaci." Gaskiyar magana, ba ni da amsa a ranar.

Da aiki ya kai ni Yamai, sai na ware yini guda na je inda ake ajiye tsofaffin takardu. Ba zan yaudare ku ba, ban samo takardar burtalin Baffa ba. Amma abin da na gani ya shafe ku fiye da yadda kuke zato, shi ya sa na kawo muku shi yau.

Wurin ana ce masa IRSH, wato cibiyar binciken tarihi da zamantakewar al'umma, kuma yanzu reshe ne na Jami'ar Abdu Mumuni. Sai dai ya girmi jami'ar nesa ba kusa ba. Asalinsa daga Dakar ne. A 1936 Gwamna Janar Jules Brévié ya kafa wata cibiya mai suna IFAN, don a tattara sanin ƙasashen da Faransa take mulka a yammacin Afirka: mutanensu, harsunansu, dabbobinsu, tsirrai da duwatsu. Wannan Brévié ɗin ba baƙo ba ne a Nijar, shi ne gwamnan da a zamaninsa aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka mai da shi Yamai a 1926. A 1944 aka buɗe reshen IFAN a Yamai. Bayan samun mulkin kai aka canza masa suna, a 1974 kuma ya zama IRSH. Suna ya canza, amma littattafan da aka fara tarawa tun zamanin Nasara suna nan, an yi ta ɗora wasu a kansu.

In ka shiga, abin da zai fara tarbarka shi ne ƙamshin tsohuwar takarda. Wanda ya taɓa buɗe akwatin kakansa ya san shi. Babu hayaniya, sai ƙarar fanka da ta ɗalibai masu juya shafi. Na gai da malamin da ke kula da wurin, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ce ina son in ga yadda aka yi wannan iyaka da muke tsallakawa kullum ta zama iyaka. Ya yi murmushi ya ce, "To Malam, sai ka fara da Tilho."

Bari in tsaya a nan kaɗan, don wannan labarin ku ne.

Iyakar Nijar da Nijeriya, mai tsawon wajen kilomita 1,500, ba a rana ɗaya aka shata ta ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga Say, a bakin Kwara, zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, alhali yawancin ƙasar da suke rabawa ba su taɓa taka ta ba. A 1898 suka sake zama. Wannan karon sai aka kafa tsinke a kan Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. A bisa wannan zanen, Ƙonni da Maraɗi a ɓangaren Ingilishi suke. Kun ji fa. Da an tsaya a nan, da yau mutumin Illela ba ya neman kowa ya buga masa hatimi kafin ya shiga Ƙonni.

Me ya canza? Ruwa. Faransawa suka ga cewa in za su tashi daga bakin Kwara su je Damagaram ba tare da sun taka ƙasar Ingilishi ba, dole su zagaya ta arewa, ta cikin dajin da rijiyoyinsa suka yi nisa da juna. Raƙuma da jakuna suna mutuwa, kaya ba sa isa. Duk makiyayi ya san wannan lissafin: hanya ba hanya ba ce sai da mashaya. Sai suka nemi a gyara. A 1904 aka yi ciniki, Faransa ta saki wani haƙƙi da take da shi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar wani tsibiri mai sanyi da ke gabashin Kanada, Newfoundland, Ingila kuma ta biya ta da wasu yankuna a Afirka, ciki har da turo wannan iyaka zuwa kudu. Wato kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba yana cikin abin da ya raba Gobirawa biyu, ya raba Katsinawa biyu. Ni dai duk sanda na tuna wannan, ban san ko dariya zan yi ba ko tagumi.

Daga 1906 zuwa 1908 aka fito fili a dasa alama. Kyaftin Tilho ne shugaban Faransawa, Manjo O'Shee na Ingilishi. Suka bi ƙasa gari-gari daga Kwara zuwa tafkin Chadi, suka kafa turakun iyaka 148. Abin da tawagar Tilho ta tattaro shi aka buga a manyan littattafai a Paris daga 1910. Takardar ta yi ja-ja saboda tsufa, taswirorin a ninke suke, sai ka buɗe a hankali kamar mai kwance rawanin wani. A ciki akwai garuruwa da rijiyoyi da nisan da ke tsakaninsu, da yanayin tafkin Chadi a wancan lokaci. Akwai kuma tafintan tawagar, Landeroin, wanda ya iya Hausa har shi da Tilho suka buga ƙamus da littafin nahawu da tatsuniyoyi. Shi ya riƙa zama da sarakuna da dattawa yana rubuta tarihin garuruwa daga bakinsu. Har yau masu binciken tarihin Gobir da Maraɗi da Damagaram sai sun bi ta kansa.

Wani zai ce, to wannan ai tarihi ne, ya wuce. Bai wuce ba. Mutanen Gaya da Malanville shaidu ne.

A cikin Kwara, sama da Gaya, akwai tsibirin Lete. Ƙasa ce mai ciyawa, Fulani makiyaya sun daɗe suna zaune a ciki. Tun lokacin samun mulkin kai Nijar da Dahomey, wato Benin ta yau, suke jayayya a kansa. An zubar da jini. A ƙarshen 1963 rikicin ƙasashen biyu ya kai Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey, ita kuma Dahomey ta toshe hanyar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano. 'Yan kasuwa ne suka fara ji a jikinsu, kamar kullum. Sama da shekara 40 ana abu ɗaya, har ƙasashen biyu suka yarda su kai maganar Kotun Duniya da ke Hague. Ran 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci: daga cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9.

Da me alƙalai suka yi aiki? Ba a kira saniya ko ɗaya ba. Tsofaffin takardun zamanin Nasara aka baje, waɗanda lauyoyi suka tono a ma'ajiyoyin Afirka da na Faransa. Cikin waɗanda suka fi nauyi akwai wata wasiƙa ta ran 3 ga Yuli 1914, wadda kumandan Gaya, wani mai suna Sadoux, ya rubuta wa takwaransa na hayin Dahomey, inda ya bayyana cewa hanyar da jirgi ke bi a zurfin kogi ita ce ke raba ikonsu, ya kuma lissafa tsibiran da ke kowane ɓangare. Sai kuma shaidar wane ne yake karɓar haraji da yin shari'a a tsibirin shekara da shekaru. Mutumin nan da ya zauna cikin zafin Gaya yana rubuta wasiƙar aiki bai san cewa bayan shekara 91 za a ɗaga ta a gaban alƙalan duniya ba. Haka aka sake yi a 2013 tsakanin Nijar da Burkina Faso, a kan wata doka ta 1927. A wannan karon kotun ta ƙara da jan hankalin ƙasashen biyu su kula da bukatun makiyaya masu tsallaka iyakar.

To kun ga inda maganar Baffa ta dosa.

Amma kada ku ɗauka duk abin da Bature ya rubuta gaskiya ne. Ni ban yarda da wannan ba, ku ma kada ku yarda. Ku tuna dalilin ƙidayar shanu a wancan zamani: jangali. Wane makiyayi ne zai jera dukan garkensa a gaban mai karɓar jangali? Kakanninku sun san dajin da ake kora rabin shanu kafin kumandan ya iso, wasu ma iyakar suke tsallakawa su dawo bayan an gama. Saboda haka lissafin dabbobi da ke cikin rahotannin nan, a sa masa gishiri. Tarihin sarauta ma haka. Wanda ke kan gado ran da tafinta ya zo, shi ya ba da labari, kuma babu mai ba da labarin da zai rage wa gidansu tsawo. Ruga kuwa sau da yawa ba ta shiga taswira sam, don mai zanen gari yake nema, mai katanga da sarki. Wurin da aka rubuta babu kowa, wataƙila shanu 1,000 ne suke kwana a wurin kowace kaka. Wannan rashin shiga takarda shi ne ciwon da makiyayi yake fama da shi har gobe.

Duk da haka akwai abin da baƙin nan suka gani da ido, suka rubuta, mu kuma muka manta. Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Abzin, ya ga Agadas a 1850, ya shiga Kano a 1851, ya bi ta Damagaram da Katsina da Gwandu, ya tsallaka Kwara a Say a 1853. Ya rubuta farashin kaya kasuwa-kasuwa. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take saƙawa da rinawa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tarabulus da Tambutu. Fatake, wannan sana'ar taku ta girmi iyakar da ake tsayar da ku a kanta. Shi kuma Monteil, Bafaranshen da ya ratsa yankin nan tsakanin 1890 da 1892, ya tarar da annobar bushiya tana share garkuna, ya ga mushen shanu a kan hanya. Ciwon nan sai da aka yi gangamin allura na haɗin gwiwa, wanda aka fara a 1962 a Nijar da Nijeriya da Kamaru da Chadi, aka sake fama da shi a shekarun 1980, kafin a 2011 a bayyana cewa ya ƙare a duniya. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah kada ya maimaita.

Wani abu da ya faranta mini rai: Barth ya koma Turai a 1855 tare da wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami aka 'yanta shi a Barno. Daga bakin yaron nan wani malamin mishan, Schön, ya rubuta labarai da tarihin rayuwarsa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Cikin Hausar farko-farko da ta shiga injin ɗab'i, akwai ta ɗan talakan karkara.

Cibiyar tana da nata jerin littattafai, Études Nigériennes, kuma a nan 'yan ƙasa suka karɓi alƙalami. André Salifu ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, Jibo Hamani ya rubuta na Adar a 1975. Marigayi Julde Laya, wanda ya taɓa shugabantar wurin, ya yi dogon bincike a kan habbanaye, saniyar da Bafulatani ke ba ɗan'uwansa aro ya riƙe har ta haifa masa. Abin da kuke yi a ruga ba tare da takarda ba, wani ya zauna ya rubuta ƙa'idojinsa, ana karanta shi a jami'o'i.

Yawancin waɗannan da Faransanci suke. In ba ka ji, ka tafi da ɗanka ɗan lakwal. Amma akwai wani sashe da lissafin yake juyawa, inda mai digiri zai tsaya yana kallo, almajirin da ya yi allo ya karanta masa.

Sashen rubuce-rubucen hannu ke nan, na Larabci da ajami. Tushensa Bubu Hama ne, ɗan Foneko ta ƙasar Tera, malamin makaranta, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974. Mutumin nan yana kan babbar kujera amma hankalinsa yana kan takardun da ke ruɓewa a zaurukan malamai. Ya yi ta aikawa ana nemowa, wasu a saya, wasu a ba shi, wasu a kwafa a mayar wa masu su. Da farko a majalisa aka ajiye su, daga baya aka mai da su wannan cibiya. Yau sun kai wajen 4,000. Akwai fiƙihu da tauhidi da nahawu, akwai magani da taurari, tarihin garuruwa, wasiƙu, waƙoƙi da Hausa da Fulatanci. Akwai rubuce-rubucen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Shehu kansa ai a Maratta aka haife shi a 1754, garin da yau yake cikin Nijar, ya yi zamansa a Degel, da ke cikin Nijeriya. Takardun nan ba su san turakun Tilho ba.

Ku dubi yadda littafin yake. Ba ɗinkakke ba ne, warwara ne, ganye-ganye. A ƙasan kowane shafi marubuci yakan sa kalmar farko ta shafin da ke biye, don in iska ta watsa su a iya jerawa. A haɗa su tsakanin tadarishi biyu, a ɗaure da igiyar fata, a sa a gafaka. Tawadar kuwa ta gida ce, da ƙaro da bagaruwa da makamantansu, alƙalamin na kara. Da yawa daga cikin takardun ƙarni na 19, in ka ɗaga su wajen haske, za ka ga tambarin jinjirin wata guda 3 a cikin jikin takardar. A arewacin Italiya ake yin ta, ta sauka a Tarabulus ko Masar, raƙumi ya ratso Sahara da ita. Wato kafin malami ya rubuta bisimilla, sai da falke ya yi tafiyar wata da watanni. Fatar kuma taku ce, makiyaya. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, fatarta tana cikin waɗanda masu ɗaure littattafai a Turai suka fi daraja. Da ake fitar da ita ta arewacin Afirka sai suka riƙa kiranta fatar Maroko, daga baya suka koma kiranta da sunan Neja. Littafi mai tsada a Landan, rigarsa daga garken wani kakanku ta fito.

Ina tsaye a wurin sai na tuna akwatunan da na sha gani a gidajen mutane. Kusan duk tsohon gidan fatauci ko na malanta yana da irin wannan ƙunshi: wasiƙar bashi da ajami, lissafin goro ko kanwa, takardar rabon gado, rasit na jangali, takardar izinin haƙa rijiya, katin allurar shanu. Na san gidan da aka raba littafi guda tsakanin magada 3, kowa ya ɗauki ganyensa don albarka, yanzu babu mai iya karanta komai. Na san inda gara ta cinye akwati sukutum saboda an ajiye shi a ƙasa, jikin bango. Don Allah a ɗaga shi sama, inda ɗigon rufi ba ya kaiwa. Kada a ƙulle shi a leda, gumi yake yi ya ruɓe. A naɗe da farin ƙyalle mai tsabta. In ya yage kada a manna masa salatif, kada kuma a kai a liƙe shi da roba mai zafi kamar katin ɗan ƙasa, wannan kashe takarda ne. Yaro mai waya ya ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa daban-daban. In wani baƙo ya zo da kuɗi yana son saye, a yi shawara da dangi tukuna. Mutanen Tambutu sun ga ranar wannan: a Janairun 2013 an ƙona ko an sace wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawa sun tsira don an riga an fitar da su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwale-kwale, zuwa Bamako. Direbobi da masu jirgi ne suka yi wannan aikin.

Yanzu Baffa, in kana saurare, ga abin da zan iya ce maka. Sawun shanunka ba zai tsaya maka a gaban hukuma ba sai an mai da shi rubutu, kuma akwai hanyar yin hakan. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda kuka sani da Kofo, tun daga ƙauye har sama. Dokar makiyaya ta 2010 kuma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, burtali dukiyar jama'a ce da ba mai mallake ta. A Arewacin Nijeriya akwai dokar makiyayar dabbobi tun 1965. Doka tana nan, amma ba ta san burtalinka ba sai an kai mata shi. Ku haɗu, kai da arɗo da sauran masu bin hanyar, ku nemi a fito a zagaya tare da mai gari da manoman da ke maƙwabtaka, dattawan ɓangarorin biyu su faɗi abin da suka sani tun suna da rai, a rubuta, kowa ya sa hannu, a dasa alama. Kada ku tashi sai kun karɓi kwafinku. Manomi ma wannan takardar kariya ce gare shi, don ita za ta nuna inda gonarsa ta tsaya da inda shanu ba su da ikon shiga. Kwafin nan kuma a adana shi yadda na faɗa ɗazu.

Wanda hanya ta kai shi Yamai, ya sayar da dabbobinsa ko ya sauke kayansa, yana da rabin yini, ya leƙa. A ranar aiki ake zuwa, da safe ya fi. Ka riƙe katin shaidarka, ka wanke hannu, kada ka shiga da ruwa ko goro, kada ka ɗauki hoto sai ka tambaya. Ka faɗi sunan garinku ko na zuriyarku, ka ce kana son ka ga abin da aka rubuta a kai. Rigar kiwo ba ta hana shiga.

Mai tsohuwar takarda a gida da yake son a karanta masa, ya aiko mana da saƙo ta hanyar da kuka saba, za mu haɗa shi da masu iyawa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu duba maganar takardun allura da ake tambaya a bakin iyaka kafin a bar garke ya wuce.